Aureol: Jirgin da ya yi shekara 23 yana zirga-zirga a gaɓarmu

Duk wanda ya zauna da dattawan Sabon Zango ko na Nima a nan Ankara, babban birnin Gana, in hira ta kai ga tafiya Ingila a zamanin da, zai ji sunan Elder Dempster, kamfanin Liverpool da ya daɗe yana riƙe da sufurin teku na Afirka ta Yamma. Jirgin fasinja mafi girma da kamfanin ya sa a wannan hanya bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ne Aureol, wanda aka ƙera a Glasgow, ya fara aiki a 1951, aka kuma raɗa masa sunan wani dutse da ke Freetown. Fari ne fat, bututun hayaƙinsa ruwan ɗorawa, girmansa ya ɗan haura tan 14,000, kuma yana aiki ne tare da yayyensa biyu, Accra da Apapa.

Yakan tashi daga Liverpool, ya yada zango a Las Palmas da Freetown, ya tsaya a ƙasarmu, sannan ya ƙarasa Legas, tafiyar kusan mako biyu. A shekarunsa na farko Takoradi ce tashar ƙasar nan mai zurfin da babban jirgi zai iya raɓar gaɓa, domin a Ankara jirage kan tsaya ne can cikin teku, masu kwale-kwale su yi ta fama da igiyar ruwa suna fito da kaya zuwa bakin James Town. Sai da aka buɗe tashar Tema a 1962 mutanen babban birni suka huta da wannan wahala.

Ana yawan tuna shi a matsayin jirgin ma'aikatan mulkin mallaka masu tafiya hutu, amma a ganina wannan rabin labarin ne kawai. A ɗakunansa ne ɗaliban Gana da Najeriya da Saliyo da dama suka tafi karatu da akwatin ƙarfe, suka komo lauyoyi da likitoci a daidai lokacin da ƙasashensu ke karɓar 'yancin kai. Mu kuwa Hausawa alaƙarmu da wannan hanya ta girmi Aureol, tunda fataken goro sun daɗe suna loda huhunansu a jiragen ruwa zuwa Legas, daga can jirgin ƙasa ya kai su Kano.

Jirgin sama ne ya karya kasuwarsa, domin wanda zai isa Landan cikin sa'o'i ba zai yarda ya yi kusan mako biyu a teku ba. An mayar da tasharsa Southampton a 1972, tsadar mai ta 1973 ta ƙara dagula lissafi, a 1974 kuma kamfanin ya sayar da shi ga attajirin Girka John Latsis. Sabon mai shi ya sauya masa suna zuwa Marianna VI, ya kai shi Jidda, inda ya zama masaukin ma'aikata yana ɗaure a tasha. Daga baya an ajiye shi a Girka shekara da shekaru babu aiki, har zuwa 2001 da aka kai shi Alang ta Indiya aka yanyanka shi aka sayar da ƙarfen.