Rokar gorar ruwa a makarantar su Abba

Jiya na je ɗauko ɗana a makarantarsu nan Gombe, sai na tarar da yara sun yi da'ira a fili malaminsu na tsakiya riƙe da gorar ruwa ta roba, an ɗaura mata fensir uku kamar ƙafafu. Ya zuba ruwan khal, ya ƙunshe bekin soda a tishu ya tura ciki, ya toshe bakin, ya kifa ta ya ce kowa ya ja baya. Shiru kaɗan, sai fuuu! gora ta yi sama ta wuce bishiyar dogonyaro, kumfa ko'ina, yara sai ihu.

Na ce malam dan Allah meye sirrin? Ya ce tsamin khal ne ke haɗuwa da soda su fitar da iskar kabon, ta taru ta rasa hanya har ta ture murfin, ruwa ya yi ƙasa gora ta yi sama. Wallahi nan take na tuna yadda Inna ke jefa kanwa a ruwan tsamiya ya yi kumfa, ashe abu ɗaya ne. Tun daren jiya Abba ke tara gorori a bayan ɗaki.