Talata a Garwa: takardar zuciyar Baba

Yau ban buɗe shago ba. Tun da asuba na ɗauki Baba a babur muka nufi asibiti kafin rana ta buɗe, don zafin Garwa a wannan watan ba ya jiran hantsi. Dama dubiyar hawan jininsa ce ta wata-wata, sai likita ta ji bugunsa 58 a minti, ta ce a yi masa gwajin wutar zuciya.

Gwajin kansa bai kai minti biyar ba. An manna masa wayoyi 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, yana ta tambayar ko za ta ja shi. Na ce, "Baba, wannan ba ta ba da wuta, taku take saurara." Na'ura ta fito da takarda mai jajayen gidaje ƙanana, a samanta an buga da Faransanci: BAV 1er degré, bloc de branche droit. Da idona ya faɗa kan "bloc", wato toshewa, gabana ya faɗi. Kawunmu toshewar jijiyar zuciya ce ta kashe shi, sai na ɗauka ga ta nan ta sake shigo mana gida. Awa ɗaya da rabi muka yi a benci, ina riƙe da takardar, na kasa ko kallon Baba.

Da muka shiga, likitar ta tambayi sana'ata. Na ce gyaran wutar gida nake yi. Ta yi dariya ta ce to ai na fi ta sanin abin. Hanyar jini daban, hanyar wuta daban, in ji ta, kuma wannan takarda maganar waya take yi.

Ta zana min a bayan katin Baba. Akwai ɗan wuri a ɗakin sama na dama da ke kunna wuta da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti. Wutar ta bi ɗakunan sama biyu, ta iso wata tasha a tsakiya, a nan take dakatawa kaɗan don jini ya gama sauka ƙasa kafin ɗakunan ƙasa su matse. Wannan ya burge ni ƙwarai, wato jinkirin ma da gangan aka halicce shi. Daga tashar waya ta rabu biyu, reshen dama da na hagu.

Sai ta miƙo min biro ta ce in ƙirga da kaina. Takardar tana tafiya milimita 25 a sakan, don haka kowane ƙaramin gida 0.04 na sakan ne. A zanen kowane bugu, daga farkon ɗan tudun da ake kira P zuwa inda dogon tsinin da ke biye da shi ya fara, bai kamata ya wuce gida biyar ba. Na Baba shida. To shi ne BAV 1er degré ɗin, wato toshewar wuta "mataki na ɗaya": kowane bugu yana wucewa, makara kawai yake yi a tashar. Shi kuma tsinin, in ya kai faɗin gida uku, sau da yawa ɗaya daga cikin rassan ne ba ya kai saƙo da wuri. Na Baba na dama ne, sai wutar ta fara shiga hagu, ta ratsa naman zuciyar a hankali ta kai dama. Na ce, "Kamar maƙwabci ya ja wuta ta katanga." Ta ce haka ne, illa wannan babu tara.

Ba ta ce babu komai ba, kuma na ji daɗin da ba ta rufe ni ba. Toshewar reshen dama ana samunta har ga masu lafiya, ta hagu ta fi sa likitoci su binciki ciwon zuciya. Amma Baba ya haura saba'in, ga hawan jini, ga abubuwa biyu a takarda ɗaya. Maganinsa atenolol ma yana iya ƙara makarar. Ta rubuta gwajin jini na ƙoda da potasiyom, da hoton zuciya, ta kuma ja kunnensa: "Alhaji, kada ku bar maganin da kanku, ni zan rage in ya kama." In ya sume, ko jiri ya kwashe shi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ƙirji ya riƙe, a kawo shi ko da tsakar dare ne. A mataki na uku wuta ba ta wucewa sam, a nan ne ake dasa ɗan batir ƙarƙashin fata.

A gida Inna ta tare mu a zaure. Kafin in buɗe baki Baba ya ce mata, "Waya ce ta tsufa, ga mai gyara nan a gida." Yaya ta kira daga Marwa tana kuka, don na yi gaggawar tura mata hoton takardar tun muna benci, laifina ne. Sai da na ƙirga mata gidajen ta waya kafin ta yi shiru.

Bayan isha'i na kama wuyan hannunsa ina kallon agogo. 60 cif. Ya fizge hannun ya ce in bar shi ya sha furarsa. Gwajin jini gobe ƙarfe bakwai.