Ƙanena na nan a cikin addu'ata

'Yan'uwa, abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Ina da ƙane da ya ce shi ba ruwansa da maganar Allah, ko sunan Yesu aka ambata a gabansa sai ya sa iyafis a kunne ya juya kai. Da muna ta musu, yanzu na rage, in na gama addu'ar dare sai in kira sunansa a gaban Ubangiji, wani lokaci har hawaye su zubo ban sani ba.

Bulus ma ai haka ya ji, duba Romawa 10:1, burin zuciyarsa da roƙonsa dai mutanensa su sami ceto. Ga Monika, uwar Agustin, shekara da shekaru tana kuka saboda ɗanta, sai a shekara ta 387 aka yi masa baftisma a birnin Milan na Italiya, ya zo ya zama bishop.

Ni ba zan iya juya zuciyar kowa ba, aikin Ruhu Mai Tsarki ne, amma in ya yi rashin lafiya ni ce a bakin gadonsa, ya tuba ko bai tuba ba ƙanena ne. Don Allah ku tuna da shi yau, ku ajiye mini sunayen naku 'yan'uwan a kwament in haɗa da su.