Malamin da ya ba ni aron Magana Jari Ce

Ina aji biyar a firamare malamin Hausarmu ya kama ni ina leƙen littafin da ke kan teburinsa. Na zaci bulala zan sha. Sai ya miƙo min Magana Jari Ce na Abubakar Imam, bangonsa duk ya yage, ya ce, “Ɗana, ka dawo da shi ranar Litinin, amma sai ka ba ni labarin aku da bakinka.”

A hasken aci-balbal na cinye shi, har Inna ta yi ta faɗan mai. Ranar Litinin ya saurare ni, ya sa na rubuta, ya cika takardar da jan biro. Har yau in na manta ƙugiyar ƙ, muryarsa nake ji. Allah ya jiƙan Malam.