Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Guntun Alli

Har gobe maganar gwaggona tana ci mini rai: "Ke da kika fito makarantar horon malamai ta Tawa, sai ki ƙare a raino?" Raino, in ji ta. To bari in faɗi abin da ke cikin rainon nan, wato koyarwa a ajin ƙananan yara kafin firamare.

Yaro ɗan shekara 3 in ya zo mana a watan Oktoba, ba a ba shi allo. Yatsunsa ba su yi ƙwari ba, dunƙule alli yake yi a tafin hannu kamar zai daka. Sai a fara da yashi. A zuba a faranti mai faɗi, kauri kamar yatsa biyu, ya ja layi a tsaye, ya ja a kwance, sannan zagaye. Bayan yashi sai laka, ya murza, ya mulmula, ya tsinka. Wata biyu ko uku ana haka kafin alli ya shiga hannunsa, shi ma sai an karya sanda ɗaya gida uku. Guntu ba ya dunƙuluwa, dole yaro ya kama shi da yatsa uku. Wanda aka ba dogon alli da wuri, har ya shiga CI, ajin farko na firamare, yana danne hannu, ya gaji tun layi na biyu, a ce masa malalaci.

Bahago kuwa a bar shi da hagunsa. Ana tilasta masa dama, sai ya tsani allon gaba ɗaya.

Kowane aiki kada ya wuce minti 15, in an kai 20 an yi asara. Lissafi da ƙwallon dabino muke yi, ba da wake ko tsakuwa ƙanana ba, don waɗannan hanci da kunne suke shiga. Aiki mai wuya a sa shi da safe, tun ba a Afrilu ba, da rana ta ɗaga yara sun lanƙwashe kan tabarma.

Na ce tabarma, sai ajin zana ya faɗo mini a rai. Tun gobarar Afrilun 2021 a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, wadda ta ci yara kusan 20, ba na iya ganin rumfar kara da ƙofa ɗaya hankalina ya kwanta. Bokitin ruwa da na yashi a bakin ƙofa, kuma kada a zaunar da ƙanana a can ƙurya.

 Gwaggo dai ba ta janye kalmarta ba, ko ranar da ta kawo jikanta da kanta, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ga shi nan, 'yata, ki yi mana rainon." Na karɓe shi, na ce, "To Gwaggo, ki yi masa sallama ya ga tafiyarki, kada ki sulale." Yaron da aka gudu aka bari, kukansa ya fi daɗewa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.