Kafin ka ɗora hannu a bayan dattijo

Ƙannena masu koyon tausa da gyaran baya a zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, babban kuskuren da na daɗe ina yi shi ne ɗaukar duk ciwon baya a matsayin abu ɗaya.

Ƙashin baya na ƙasa gaɓoɓi biyar ne, likitoci na kiransu L1 zuwa L5, kuma akwai kafa a tsakiyarsu da jijiyoyin ƙafa ke bi. Idan shekaru suka ja, galibi bayan 50, faifan da ke tsakanin gaɓoɓin yakan lotsa, tantanin da ke ɗaure su ya yi kauri, ƙashi ya yi tsiro, sai kafar ta tsuke, yawanci tsakanin L4 da L5. Mai wannan larura ƙafa ya fi kuka da ita, ba baya ba. Hajiya za ta ce daga gida zuwa tashar trotro sai ta zauna sau biyu, cinyoyi sun yi nauyi, tafin ƙafa kamar ana tsira allura. Tsayuwar tarawihi ta gagare ta, amma da ta yi ruku'u sai ta ji sanyi. Wannan ruku'un shi ne shaida: sunkuyawa na buɗe kafar, banƙarewa na ƙara matse ta.

Ni kuwa da, kifa mutum nake yi a kan cikinsa, in danne ƙugu, in sa shi ya banƙare. Hakan kan taimaki wasu samari masu ciwon faifai, amma mai tsukewa tashi yake da ƙafa a mace.

Ga abin da ya fi wa mai tsukewar kafa: ya kwanta rigingine, ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ya riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, sau 5, safe da yamma. Sannan gwiwa a lanƙwashe, ya manna ƙugu da tabarma na daƙiƙa 5, sau 10. Tafiya guntu-guntu, ya zauna kafin ciwon ya taso. Keke ya fi masa sauƙi saboda a sunkuye ake tuƙa shi. Wasu masu kairofiraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu, suna da gado mai lanƙwasawa da ke jan ƙugu a hankali. Wannan ya fi dacewa da shi a kan murɗawar ƙarfi. Ƙarar "ƙas" da mutane ke so su ji iska ce a gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Kada ka yi alkawarin warkewa, hannu ba ya faɗaɗa kafar da ta tsuke, sauƙi yake kawowa. Mako 6 babu canji, tura shi ga likita. Hoton esire ƙashi kawai yake nunawa, hoton MRI, mai nuna tsoka da jijiya, shi ke nuna matsewar jijiya.

Na kuma sha cewa a kwanta a huta mako guda, wannan ma kuskure ne. Kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu sandarar da baya take yi. Maganin ciwo diklofenak da ake saya a kemis kullum kuma ciki da ƙoda yake ci.

Akwai bayan da ba a taɓawa sam: tsohuwa mai raunin ƙashi, wanda ya faɗi kwanan nan, mai zazzaɓi da rama da ciwon dare, don tarin fuka na kama ƙashin baya, haka ma sankara. In kuma mai ciwon ya ce fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin ruwan tsarki, ko ƙafa na ja da ƙasa, rufe kwalbar man tausarka. A sa shi a tasi zuwa sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye a ranar, ba a jira gari ya waye.