Wayoyin mutane da makin Oga: darussan da na koya a aikin raba BOINC

A ƙarshen watan nan zan ajiye aikin kula da wayoyin 'yan sa-kai a ƙungiyarmu, kuma ina so wanda zai gaje ni ya karanta wannan kafin a danƙa masa littafin sunaye.

Duk wanda muka yi aiki tare ya san BOINC, manhajar da aka ƙirƙiro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2002, ta shigo wayoyin Android a 2013. Waya na kwance a caji, sai ta karɓo ɗan guntun lissafi daga ayyukan bincike irin su Einstein@Home ko World Community Grid, ta yi, ta mayar, a rubuta wa mai ita maki. Masu manhajar sun gina ta da tausayi: ba ta aiki sai waya na jone da caji kuma batir ya haura kashi 90, ba ta taɓa data sai Wi-Fi, tana kuma dakatawa idan batir ya ɗau zafi.

A Zariya waɗannan sharuɗɗa sun kusa hana ta motsi. Wuta sai ta ga dama, mutane da yawa wurin mai caji suke kai waya a Samaru ko Sabon Gari, Wi-Fi kuwa ba kowa ke da shi ba. Makin ƙungiya ya ƙi hawa, ga Oga na neman adadin da zai nuna wa masu ba da tallafi. Sai ya ce a sassauta sharuɗɗan a kowace waya, ta riƙa aiki da batir da datar mai ita. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga bazara tafe, wayoyin nan ba za su jure ba." Ya ce, "Kai dai yi abin da aka sa ka." Ya ƙara da cewa a wurin taro a tura manhajar ta Xender, kada a ɓata lokacin saukewa.

Watan Afrilu bai ƙare ba ƙorafi ya fara. Wata malama da ta haife ni ta ajiye mini Tecno ɗinta a kan tebur, murfin baya ya ɗaga, batir ya kumbura kamar an hura shi. Ta ce, "Ɗana, da wayar nan nake jin muryar jikokina. Don ilimi kuka ce, shi ya sa na bayar." A taron da ya biyo baya, a gaban kowa, Oga ya ce yaron nan ne bai iya saiti ba. Babu wanda ya buɗe baki, alhali da yawansu suna wurin ranar da ya ba da umarnin. Har yau abin yana ci mini rai.

Gyaran ma ya zo da nasa ciwon. Android ba ya karɓar sabuntawa sai sa hannun sabuwar manhajar, wato hatimin sirri da wanda ya fitar da ita ke buga mata, ya dace da na tsohuwar. Namu kuwa wasu daga Play Store suka sauke, wasu daga F-Droid, wani rumbun sauke manhajoji mai sa hannu da nasa mabuɗin, wasu kwafen Xender ne da ba a san asalinsa ba, kuma babu mai sanar da mai wayar an yi sabuwar siga. Dole aka goge aka sake sakawa, lissafin da waya ta fara duk ya tafi. Ni na bi su gida-gida, daga Tudun Wada har cikin birni, da man babur daga aljihuna. Duk wayar da na taɓa na mayar mata da sharuɗɗanta na asali, kuma tun daga lokacin babu batirin da ya sake kumbura a hannuna.

Sauran a taƙaice suke. Ka tsaya kan hanyar saukewa guda, ka rubuta sigar da ke kan kowace waya. Ka gwada sabuwar siga a kan ƙaramar itel kafin ka tura wa jama'a. Wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tsimin batir, ka duba wannan kafin ka zargi mai waya da lalaci. Umarnin da ya shafi kayan mutane kuma, ka nemi a ba ka shi a rubuce.

Littafin yana hannun sakatare. Sunayen da na ja wa jan layi, wayoyinsu ba su da ƙarfin aikin nan, kada a sake tunkarar su. Kuɗin batirin malama kuma har yanzu ƙungiya ba ta biya ba.